Inda Aka Haƙa Mana Burtsatse

Kwanakin baya, a teburin mai shayi na bakin Kasuwar Muda Lawal, rediyo ya kawo labarin wata ƙasa can gabas, inda jama'a ke fita su zaɓi shugabansu amma malamai ne a sama, su ke cewa wane ya isa ya tsaya, wane bai isa ba. Nan take gardama ta kaure. Wani ya ce ai wannan shi ne mulki mai tsafta, tunda masu tsoron Allah ke sa ido. Wani ya ce wasan yara ne kawai. Ni dai na shanye shayina na tashi. Ban san waccan ƙasa ba, ban taɓa tsallake iyaka ba ma, saboda haka ba zan yi musu ƙarya ba. Amma na taɓa zama zaɓaɓɓen shugaba a ƙarƙashin malamai, a unguwarmu, kuma abin da na gani shi zan faɗa.

Ni direba ne. Ina ɗauko tumatir da attarugu da albasa daga gonakin Zungur in kawo kasuwa da a-kori-kura. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwo. Ina karantawa, ina rubutawa, in dai ba Turancin lauyoyi ba ne.

Unguwarmu tana cikin Ƙofar Wambai, kuma ta kasu biyu ko da ba a faɗa. Akwai sama, inda masallaci yake da gidajen dattawa, kusan kowane gida da tsohuwar rijiyarsa mai zurfi. Akwai gangare, inda muke, mu da 'yan haya da teloli da masu faci. Rijiyoyinmu na gangare da an shiga bazara sai su ƙafe, ka zura guga ka jawo laka. Famfon gwamnati kuwa baƙo ne, in ya zo a yi murna, in bai zo ba ba mai tambaya. Uwar 'ya'yana, tun tana amarya, rabin rayuwarta a kan ruwa ta ƙare. Ko ta jira ɗan garuwa, ko ta sa hijabi ta bi gidajen sama tana sallama da bokiti kamar mai roƙo. Bayanta ya lalace a kan haka.

Kwamitin unguwa ya samo asali ne daga rigimar kwata. Makwabta biyu suka yi faɗa a kan inda ruwan wanka zai bi, har aka kai ofishin 'yan sanda, abin ya zama abin kunya. Dattawa suka ce a kafa kwamiti da jama'a za su zaɓa da kansu. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya rubuto dokoki aka karanta a ƙofar masallaci. Duk namiji baligi yana da ƙuri'a, ko mai gida ko ɗan haya. Mata ba a ma kawo zancensu ba. A ƙarshe aka ce malaman unguwa, wato Liman da Na'ibinsa, ba su da ƙuri'a, amma su za su tantance masu tsayawa, kuma duk abin da kwamiti ya yanke za a kai gare su su sa albarka. Kowa ya ce madalla. Har da ni. Wa zai ƙi albarka?

Sai in yi bayanin Liman, don kada a ɗauka mugu ne. Dattijo ne siriri mai sanyin murya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba a sanina. Shi ya raɗa mini suna, shi ya ɗaura mini aure, shi ya wanke mahaifina. Kuma bai iya cewa a'a ba. Duk wanda aka haifa a unguwar ya san yana da addu'a iri biyu. In ka kai masa magana, ko ta aure ko ta sayen fili, ya ce "Allah ya sa albarka", to ka tafi ka yi abinka. In kuwa ya yi shiru ya shafa gemu ya ce "Allah ya zaɓa mana mafi alheri", to maganar ta mutu, sai dai a nemi wata. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana wannan, da shi muka tashi. Na san shi sarai. Sai dai na ɗauka tunda yanzu akwai doka a rubuce, kuma ana ƙirga hannu, to zamani ya canja.

Mutanen gangare ne suka tura ni in tsaya, wai ba na tsoron magana. Aka kira mu zauren Liman ɗaya bayan ɗaya. Kafin ni wani matashin malamin firamare ya shiga, yaro mai kai, wanda a gaskiya ya fi mu duka cancanta. Ya fito yana murmushin dole. Wai an ce masa ya fara ajiye iyali tukuna, wanda bai riƙe gida ba ba zai riƙe unguwa ba.

Da na shiga na durƙusa na gaida su, Na'ibi ne ya fara. Shi ya fi Liman ƙuruciya da zafi, ya yi karatu a waje, kullum da littafi a hannu.

Ya ce, "Malam direba, ba ma ganin ka a sallar asuba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, tumatir ba ya jiran rana ta fito. A Zungur nake yin ta. Can ma akwai masallaci, kuma alƙiblarsu ɗaya da tamu."

Ya ɓata rai. Liman ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙyale shi. Bakin ubansa ya gado. Ni na san gidansu. Allah ya sa albarka."

Na fito ina jin daɗi. Sai daga baya na lura cewa tun kafin mutum ɗaya ya zaɓe ni, an riga an zaɓe ni a zaure.

Ranar zaɓe layi aka yi a filin makaranta, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Abokin takarata wani mai sayar da yadi ne daga sama. Layina ya miƙe har ya lanƙwasa wajen bishiyar dalbejiya, domin mu 'yan gangare mun fi yawa, haihuwa ce kawai arzikinmu. Aka ɗaga hannuna. Da na koma gida uwar 'ya'yana ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. To Ciyaman, randa dai babu ruwa."

Na ce, "Ki ba ni lokaci."

Ta ce, "Lokaci ai naka ne. Bayana ne ba nawa ba."

Watannin farko lafiya lau. Muka gyara kwata, muka sa aka kwashe bola, muka tsara 'yan sintiri. Duk abin da muka kai zaure sai a ce Allah ya sa albarka. Har na fara cewa a majalisa wannan tsari ya fi na gwamnati, tunda ga jama'a ga malamai, ba mai cutar wani.

Sai wani ɗan siyasa da ke neman komawa kujerarsa ya aiko cewa zai haƙa wa unguwa burtsatse guda, da tanki da sola, mu nuna wuri. Guda ɗaya tak. Na kira taron unguwa bayan la'asar a filin makarantar nan.

Matsalarmu a gangare ita ce fili, gidaje sun cushe. Sai mai kemis ya miƙe. Mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a cikinmu har 'ya'yansa sun fi nawa iya Hausa, shi ne dai har yau bai raba mace da namiji a magana. Yana da ɗan fili a gefen shagonsa, a bakin hanya, daidai tsakiyar gangare.

Ya ce, "Oga Ciyaman, wannan wuri na gefen shago, na ba da shi. Matana ma yana shan wahalan ruwa. In kun so ku haƙa, in ba ku so ba zan sa kaji a wurin."

Aka yi dariya. Wani tela ya ce, "Matarka ko matanka? Ashe ka ƙara aure ba mu sani ba!"

Ya ce, "Ɗaya ɗin ma ya ishe ni, maigida."

Na'ibi ya ce shi a ganinsa harabar masallaci ta fi dacewa. Na ce to a ɗaga hannu. Masu son masallaci suka ɗaga, 'yan sama ne da wasu tsiraru. Masu son gefen kemis suka ɗaga, filin ya yi duhu da hannuwa, ba sai an ƙirga ba. Na ce to jama'a sun yanke. Na juya wajen Liman, yana zaune a kan kujerar roba da carbinsa, na ce, "Allah gafarta Malam, a rufe mana da addu'a."

Ya yi shiru. Ya shafa gemu. Ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Aka shafa, aka watse. Ba wanda ya dube ni. Mai kemis ne kaɗai ya zo ya kama hannuna yana murna, yana tambaya yaushe motar haƙa za ta zo. Shekarunsa da yawa a cikinmu amma bai san addu'o'in nan biyu ba.

Washegari da na dawo daga kasuwa na wuce zauren Liman. Na same shi shi kaɗai yana gyara alƙalami. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, jiya jama'a sun zaɓi gangare."

Ya ce, "Na gani, ɗana. Ina wurin."

"To sai na ji addu'ar ba ta fito yadda aka saba ba."

Ya ajiye wuƙar ya ce, "Na hana ku ne?"

"Ba ka hana ba."

"To. Ni ba ni da ƙuri'a ma. Kai ne shugaba." Sai ya sassauta murya. Ya ce in duba unguwar da ke bayanmu, an haƙa musu a bakin hanya, ba a rufa shekara ba ɓarayi suka kwance sola. Abin da ke harabar masallaci kuwa ba mai taɓa shi. Ya ce fili na mutum ɗaya ne, yau yana raye yana da kirki, gobe magada su ce nasu ne. Ya ce kuma Na'ibi ya kawo maganar cakuɗuwa, 'yan mata da samari a bakin famfo, a gefen shago, ba mai tsawatarwa.

Ban raina maganarsa ba, domin ta sola gaskiya ce. Na ce za mu sa 'yan sintiri su kula, mai kemis kuma ya yarda ya sa hannu a gaban mai unguwa cewa ya bayar har abada. Na ce, "Malam, ku a nan sama kuna da rijiyoyi. Matanmu ne ke yawo da bokiti. Kuma ka san mace ba za ta ratso majalisar ƙofar masallaci ta ɗebi ruwa ba."

Ya ce, "Sai su aiko yara."

Na ce, "Yaran suna makaranta, Malam. Ku kuka ce mu sa su."

Ya yi murmushi ya ɗauki alƙalaminsa. Ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Na tashi da niyyar in yi gaban kaina. Doka ta ce jama'a ke yankewa, jama'a sun yanke. Na aika wa mutanen ɗan siyasar cewa ga wuri. Suka ce sun ji, amma mai gidansu ba ya son ya haƙa abin da malaman unguwa ba su sa wa albarka ba, shekarar zaɓe ce. Za su kawo mota ranar da muka daidaita.

A satin nan Na'ibi ya yi karatu bayan magariba a kan falalar shayar da masallata ruwa, da haɗarin barin mata a bakin titi. Bai ambaci burtsatse ba, bai ambaci sunana ba. Liman kuwa bai ce komai ba ko kaɗan. Sai ga dattawa sun zo wai a sake zama, tunda akwai waɗanda ba su fahimci maganar ba a karon farko. Na ce me ke da wuyar fahimta a ruwa? Amma na kira taron, don na tabbata da mutanena.

Kafin ranar na bi gidajen gangare. Makwabcina mai faci, wanda katangarmu ɗaya, matarsa da tawa tare suke yawon bokiti, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ciyaman, ka san ina tare da kai."

Na ce, "To ka ɗaga hannu kawai."

Ya ce, "Wallahi a zuciya ina tare da kai. Amma 'yata za a ɗaura wa aure bayan salla. Wa zai ɗaura? Kai?"

"Liman ba zai ƙi ɗaura auren 'yarka a kan famfo ba."

"Na sani ba zai ƙi ba. Amma da wane ido zan zauna a gabansa? Kuma in na faɗi na mutu gobe, shi zai tsaya a kaina. Kai wa'adinka shekara biyu ne, shi fa?"

Na yi masa sallama na wuce gida na gaba.

Ranar taro na biyu Liman ya zauna a kujerarsa ta roba, a gaba, yana fuskantar jama'a. Na ce masu son gefen kemis su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Mai kemis ya ɗaga. Matashin malamin firamaren nan da aka hana tsayawa ya ɗaga, da wasu 'yan haya baƙi da ba su daɗe ba. Sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Telan da ya yi barkwanci rannan yana ta gyaran hularsa da hannu biyu. Na ce masu son masallaci. Hannuwa suka tashi a hankali, rabi-rabi, kamar masu jin ciwon kafaɗa, amma suka tashi.

Mai kemis ya dube ni ya ce, "Oga Ciyaman, ba su ne wannan mutane na rannan ba?"

Na ce, "Su ne."

Liman ya ce Allah ya sa albarka, aka ce amin da ƙarfi.

Ba a yi maguɗi ba, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Ba a ba kowa ko sisi ba, ba a tsorata kowa da sanda ba. An ƙirga daidai, kuma ni na ƙirga. In wani ya zo daga waje da takarda yana duba ko an yi zaɓe na gaskiya, zai rubuta cewa an yi. Mu da muke ciki mun san an yi ta zaɓe ne har sai da aka samu amsar da ake so, sannan aka daina.

Aka haƙa a harabar masallaci. Ni na tsaya a kan aikin, tunda ni ne Ciyaman, ni na yi jawabin godiya. Ruwa ya fito mai kyau, garau, kuma har yau yana zuwa, ba wanda ya taɓa solar. Masallata suna alwala a wadace. 'Yan garuwa ma sun huta, nan suke cika jarkokinsu su gangaro mana da su a kura mu saya. Uwar 'ya'yana ba ta taɓa taka wurin ba, ba kuma za ta taka ba, don daga safe har dare akwai maza a zaune a ƙofar. Ranar da aka buɗe famfon na dawo gida da ɗan ruwan a gora wai ta ɗanɗana. Ta sha ta ce, "Yana da daɗi. A gaida masu shi." Mai kemis ya zuba kajinsa a filin.

Na ƙarasa wa'adina ba tare da na sake kawo wata magana mai nauyi ba. Na koyi abin da duk wanda ya zauna a irin kujerar nan yake koya, wato ka fara leƙa zaure ka ji iskar da ke kaɗawa kafin ka tara mutane. In ka yi haka ba za ka taɓa jin kunya ba, kuma kowa zai ce shugaba da malamai kansu a haɗe yake. A sana'armu in mai mota ya zauna a gefenka yana cewa bi nan, kauce can, in aka faɗa rami kai fasinja za su zaga, don kai ke riƙe da sitiyari. Da kwata ta sake toshewa ni aka zaga. Da ruwa ya gagari gangare ni matan suka riƙa yi wa habaici, wai an zaɓi ɗan gangare ya kai ruwa sama.

Da lokacin sabon zaɓe ya matso, Liman ya aika a kira ni. Na same shi da Na'ibi. Ya ce jama'a sun ji daɗin riƙona, su ma sun ji daɗi, suna so in sake tsayawa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da shawara. Me zai hana kai ka tsaya? Ko Malam Na'ibi. Wallahi ni zan fara shiga layinku. In abu ya yi kyau a yaba muku, in ya ɓaci a san wanda za a tambaya, in an gaji da ku a canja."

Na'ibi ya ce, "Subhanallahi. Ka san da wa kake magana?"

Liman ya ɗaga masa hannu. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, malami ba ya neman mulki. Mu namu nasiha ce kawai."

Na ce, "To ni ma na bar nema, Malam."

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tambayi jikin mai ɗakina. Na ce da sauƙi. Na yi musu sallama na fito.

Mai yadin nan na sama shi ya tsaya a shekarar, shi kaɗai. Ranar zaɓen ina Zungur ina lodin albasa. Har yanzu a bayan Liman nake salla duk ranar da nake gari, kuma in ajalina ya riga nasa, shi nake so ya sallace ni. Da damina ta wuce na sayar da tsohon babur ɗina na sa aka ƙara wa rijiyar gidanmu zurfi. Tana kai mu tsakiyar bazara, daga nan sai mu koma wa 'yan garuwa.